Kifin Da Ba Kifi Ba

Wani dare a cikin watan Satumba aka ɗauke wuta a unguwarmu ta Nima. Fanka ta tsaya, ɗaki ya ɗau zafi, sai muka ɗauki tabarma muka hau saman bene, ni da ɗan ƙanwata da wata dattijuwa maƙwabciyarmu. An yi sa'a hadari ya janye, abin da ba kullum ake samu ba a Akra a irin wannan lokaci. Yaron ya ɗaga wayarsa sama, yana da wata manhaja da ke ja layi tsakanin taurari tana faɗin sunansu. Can sai ya ce, "Kawu, ga dolfin nan a kanmu."

Na ɗaga kai. Taurari huɗu ne ƙanana a dunƙule wuri ɗaya, na biyar ya ɗan ja gefe kamar wutsiya. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wane irin dolfin kuma? Wannan ai ludayi ne, ga kansa ga mariƙinsa." Yaro ya tuntsire da dariya, ya juyo wurina: "To Kawu, me ake ce wa dolfin da Hausa?"

Shiru na yi, don ba mu da shi. Hausa ta tashi ne nesa da teku. Ruwanmu kogi ne da tafki da fadama, kuma abin da Bahaushe ya gani a ciki bai san sunansa ba, sai ya waiwaya tudu ya aro masa: giwan ruwa, ragon ruwa, karen ruwa. Muna da kada, muna da dorina, muna da ayu wanda labarinsa ya fi ganinsa yawa. Dolfin kuwa bai taɓa hawowa Kwara ko Binuwai ya gaishe mu ba. Kakanninmu da suka sauko bakin teku sama da shekara ɗari da suka wuce, suka zauna a Tudu da Sabon Zango, daga baya Nima da Mamobi, sun zauna ne sun ba ruwa baya. Goro, shanu, albasa, canji, nan muka ƙware. Kifi sai dai mu saya a hannun matan Ga da na Fante. Daga Nima zuwa gaɓar Osu ba wata tafiya ba ce in hanya ta buɗe, amma da wuya ka samu ɗan zangon da ya taɓa ganin dolfin da ransa.

Rashin sunan nan ba ƙaramin abu ba ne, domin in aka matsa mana sai mu ce "wani irin kifi ne". Kuma kusan duk wahalar da dabbar nan take sha a gaɓar Ghana, daga wannan kalma ta kifi take farawa.

Amma bari mu fara da saman, tun da nan yaron ya nuna. Wanda ke son ya gani da idonsa, tsakanin Agusta da Oktoba ne lokacinsa, bayan isha'i. Zai ga manyan taurari uku masu haske sun yi kusurwa uku mai faɗi. Na kudu a cikinsu shi Larabawa ke kira Nasrut Ta'ir, mikiya mai tashi, ana gane shi da ƙananan taurari biyu da suka sa shi a tsakiya. In ka miƙe hannu ka dunƙule shi, ka auna dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga wannan tauraro zuwa gabas maso arewa, ka iso. Daga Akra rukunin yana bi ne kusan ta tsakar ka, sai wuya ya gaji. Taurarinsa ba su da ƙarfin haske, shi ya sa fitilun gari ke haɗiye su. Ɗauke wuta dai, duk da tsinuwar da yake sha, yana da ranarsa.

Rukunin tsoho ne a littafi. Yana cikin 48 da Batalimusa, masanin Iskandariya ta Masar, ya lissafa wajajen shekara ta 150 miladiyya, yana kuma cikin 88 da masana taurari na duniya suka daidaita a kansu a 1922. Wajen girma shi ne na 69, wato ƙaramin alhaki ne. Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na surorin taurari da ya kammala wajajen 964, ya bi Girkawa ya kira shi ad-Dulfin, amma ya rubuta abin da mutanen sahara ke cewa: su ƙa'udu suke gani, matashin raƙumi da ya isa a hau. Gama-garin mutane kuma suka ce gicciye ne. Sinawa suka duba suka ga duma. A Indiya yana cikin masaukan wata, irin lissafin nan da malamanmu ke yi na Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha don sanin damina, kuma alamarsa a can ganga ce. Turawan Ingila wasu na ce masa akwatin gawar Ayuba.

Ashe Hajiya ba ta yi kuskure ba. Ita da Sinawa, waɗanda ba ta taɓa zama da su ba, duma suka gani, don ludayi ai ɗan duma ne da aka fafe. Mai raƙumi ya ga raƙumi, makaɗi ya ga ganga, Bagirke da ke kwana ya tashi a jirgin ruwa ya ga dolfin. Mu ma haka muka yi da Suraiya, muka ce kaza da 'ya'yanta, muka aurar da Zara ga wata. Su kansu taurarin ba su san suna tare ba. Mafi haske a cikinsu, haskensa yana tafiyar kimanin shekara 100 kafin ya iso idonmu, na biyunsa kuwa kimanin shekara 250. Daga nan inda muke tsaye ne kawai suke haɗuwa su yi siffa.

Sunayen taurarin biyu ma suna da labarin ban dariya. A kundin taurari da ɗakin nazarin sama na Palermo, a Italiya, ya fitar a 1814, aka ga an rubuta Sualocin da Rotanev. Masana suka yi ta laluben asalinsu a Larabci da Girkanci, ba su samu ba. Sai daga baya wani limamin coci Baturen Ingila, Thomas Webb, ya karanta su daga ƙarshe zuwa farko, ya ga Nicolaus Venator, wato sunan Niccolò Cacciatore, mataimakin shugaban ɗakin, da aka mayar Latin. Yaron gida ya samu sarauta a sama ba tare da naɗi ba, kuma a 2016 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar da sunayen a hukumance. Tauraron wutsiyar ne ya riƙe sunansa na Larabci, Aldulfin, daga zanabud dulfin. A ranar 14 ga Agusta 2013 kuma wani Bajapane mai sha'awar kallon sama, Koichi Itagaki, ya hangi sabon haske a rukunin, tauraro ne da ya yi bindiga, har aka yi kwanaki ana ganinsa da ido ba madubi.

Me ya sa Girkawa suka ɗaga dolfin har sama? Suna da tatsuniya biyu. Ɗaya ta ce shi ne ya yi wa gunkinsu na teku dillancin aure, ya lallaso amaryar da ta gudu. Ɗayar, wadda marubucin tarihinsu Herodotus ya kawo, ta mawaƙi Arion ce: matuƙan jirgi suka yi kwaɗayin dukiyarsa, ya roƙa su bar shi ya yi waƙar ƙarshe, ya faɗa ruwa, dolfin ya goya shi ya kai shi gaɓa. Larabawa ma sun gaji wannan zance. A Hayatul Hayawan na Damiri, littafin da ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu, an siffanta dulfin da dabbar da ke ceton wanda ruwa zai ci.

A zane kuwa, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ido ke lalacewa in ya yi nisa da abin da yake zanawa. A fadar Knossos da ke tsibirin Kirit akwai zanen bango na dolfin shuɗɗa, asalinsa ya haura shekara 3,000, ko da yake yawancin abin da ake gani yau sake haɗawa aka yi daga 'yan gutsattsari bayan tonon da Arthur Evans ya fara a 1900. Duk da haka ka kalla ka san mai zanen ya ga dabbar tana tsalle a gaban jirgi. Akwai wani akushin giya da maginin tukwane Exekias ya zana wajajen shekara 530 kafin haihuwar Annabi Isa, yana birnin Munich yanzu: jirgi a tsakiya, dolfin bakwai na kewaye da shi, tsoffin 'yan fashin teku ne da aka rikiɗar a tatsuniya. Birnin Taras ya buga kuɗi da hoton mutum a bayan dolfin, Sirakus ta kewaye kan mace da dolfin huɗu, mutanen Olbia a bakin Baƙin Teku kuwa kuɗin nasu kacokan siffar dolfin aka zuba shi da tagulla, kamar yadda mu muka yi ciniki da wuri, wanda shi ma ɗan teku ne da yawancin masu ƙirga shi a Kurmi ba su taɓa ganin inda yake fitowa ba. Rumawa sun cika daɓen gidajensu na Tunisiya da Maroko da hoton dolfin.

Da tafiya ta yi nisa, masu zane a Turai suka koma kwafar juna. Sai dolfin ya fito da ɓawo irin na kifi, da ƙayoyi a gadon baya, da manyan leɓɓa, da wutsiya a murɗe sama. Wannan dodon shi ne ya hau tambarin magajin sarautar Faransa a da, wanda daga 1349 aka riƙa yi wa laƙabi da Dauphin, wato dolfin. Shi ne kuma Aldus Manutius, mai maɗaba'a a Venice, ya naɗe a jikin angar jirgi ya mayar tambarinsa a farkon ƙarni na 16, da ma'anar a yi sauri a hankali. Da Bahaushe ne da ya ce sauri ya haifi nawa.

Mu nan gida fa? Je ka Jamestown da safe ka duba kwalekwalen da ke jere: tutocin ƙasashe, tambarin ƙungiyoyin ƙwallo, ayoyin Baibul, karin magana, duk a jikin katako ɗaya. A Teshie, inda Kane Kwei ya shahara da sassaƙa akwatin gawa mai siffar sana'ar mamaci, masunci kan tafi kabarinsa a cikin kifi. Su waɗannan sun san abin da suke zanawa, sun taɓa shi da hannu. Asantawa na can cikin daji kamar mu, amma ko su teku ta ba su kirari: Asantehene Osei Tutu Kwame, wanda Musulmi ke da faɗa a ji a fadarsa ta Kumasi, bayan yaƙin da ya kai shi gaɓa a 1807 ne ya ɗauki laƙabin Bonsu, sunan babbar dabbar tekun nan, yayan dolfin, wadda ba a ja da ita a ruwa.

To mene ne dolfin ɗin kansa? Dabba ce mai shayarwa, kamar saniya da akuya. Jininsa da ɗumi, huhu gare shi, hancinsa ƙofa ɗaya ce a tsakar ka, dole ya taso sama ya shaƙi iska. Uwa tana ɗaukar ciki, ta haihu, ta ba da nono. Aristotle ya rubuta duk wannan tun ƙarni na 4 kafin miladiyya, amma sai a 1758 masanin halittu Linnaeus ya cire shi daga sahun kifaye a littafin rabe-raben halittu. Ko wutsiyarsa ta isa shaida: ta kifi a tsaye take, tana kaɗawa dama da hagu, tasa a kwance take, sama da ƙasa, irin yadda gadon bayan doki ke yi in yana sukuwa. In ka buɗe fiffikensa za ka tarar da ƙasusuwan hannu da yatsu. Masu binciken ƙasusuwan da suka daskare cikin duwatsu sun bi sawun zuriyarsa har zuwa wasu dabbobi masu ƙafa huɗu da aka tono a Pakistan, na kimanin shekara miliyan 50, kuma gwajin ƙwayoyin gado ya nuna ɗan'uwansa mafi kusa a cikin masu rai ita ce dorina. Da Bahaushe ya san haka tun farko, da ya ce masa ƙanen dorina ya huta.

Tun da numfashinsa sai da niyya, ba ya iya barci irin namu. Rabin ƙwaƙwalwarsa ke barci, rabi na gadi, sannan su yi canji. Ganinsa na gaskiya kuwa da kunne ne. Yana fitar da ƙara ƙyas-ƙyas daga cikin hanyar hancinsa, wani dunƙulen kitse a goshinsa ya tattara ta ya harba gaba, in ta bugi abu ta dawo ya karɓi amsa-kuwwar ta muƙamuƙinsa na ƙasa zuwa kunne. Da haka yake sanin nisa da girma da siffar abu cikin duhu ko ruwan laka. Dolfin kogin Ganges na Indiya kusan makaho ne, da wannan kaɗai yake rayuwa. A 1965 wasu masana biyu, mata da miji, Melba da David Caldwell, suka gano cewa kowane dolfin mai hancin kwalba yana da fito nasa na kansa da 'yan'uwansa ke gane shi da shi. Wato su suna da suna a tsakaninsu, mu ne ba mu da nasu.

Suna kuwa ya taɓa kai shi gaban malamai. Larabawa, da irin ɗabi'armu ta aro daga tudu, wasu sun kira shi hinzirul bahri, aladen teku, watakila saboda kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa. Turawa ma sunan ɗan'uwansa ƙarami daga Latin ya fito, ma'anarsa alade-kifi. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik hukuncin aladen ruwa, cewa ya yi: ku ne kuke kiransa alade. Asalin hukunci a mazhabarmu a fili yake, ayar Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku, hadisi kuma ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Duk da haka littafin fiƙihun nan Muhtasar ya jera karen ruwa da aladensa cikin makaruhai, masu sharhi kuma suka rinjayar da halacci. Hanafawa su kifi kaɗai suka halatta daga ruwa, don haka a wurinsu tambayar ko kifi ne ko ba kifi ba ita ce duka shari'ar. Ni ba malami ba ne, fatawa ta masu ita ce. Abin da ya burge ni shi ne Imamu ya gane tun wancan zamani cewa laƙabin da mutane suka liƙa wa dabba yana iya canza yadda zuciya ke kallonta, alhali dabbar tana nan yadda take.

Wannan muhawara ta dawo mana sabuwa fil a farkon Afrilun 2021, azumi saura 'yan kwanaki. Matattun kifaye suka cika gaɓar Osu a nan Akra, a can yamma kuma kusa da Axim gomman dolfin, irin baƙaƙen nan masu mulmulallen kai, suka fito tudu. An mayar da wasu ruwa da ransu, an binne wasu, wasu kuwa kafin hukuma ta iso an yi awon gaba da su. Hukumar kula da abinci da magunguna ta yi ta shela kada a ci. Na tuna ranar a majalisar shayinmu, wani dattijo ya kafe cewa mushen teku halal ne, wani matashi ya ce, "Baba, halal ne, amma ba mu san abin da ya kashe shi ba." Makonni biyu matan gidanmu suna juya kowane bandar kifi a kasuwar Nima suna shinshinawa, masu sayarwa na rantse-rantse.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, wancan abin da ya tayar da hankali a rana ɗaya, yana faruwa a hankali duk shekara ba kyamara. A tashoshin masunta na Dixcove da Axim da Apam, masana irin su Patrick Ofori-Danson na Jami'ar Ghana da Koen Van Waerebeek sun shafe shekaru suna rubuta dolfin da ake saukewa daga kwalekwale, iri-iri, kuma wanda ya fi yawa shi ne wani ɗan ƙarami mai suna Clymene, wanda a Tekun Atlantika kaɗai ake samunsa. Tarun da ke kama su dogon taru ne da ake saki ya bi ruwa, masunta na ce masa nifa-nifa, an yi shi ne don kama kifin tuna da kifin shak da manyan kifaye masu dogon baki. Da fari tsautsayi ne ke sa dolfin ciki. Daga baya aka ga namansa yana da kyau wajen ɗana wa shak ƙugiya, shak kuwa fiffikensa kuɗi ne a kasuwannin Asiya. Sannan aka fara yanka shi ana banda ana sayarwa. Abin da ya fara da tsautsayi ya zama ciniki. Dokar kamun kifi ta 2002 ta hana kama dabbobin teku masu shayarwa, ta ce wanda ya faɗa taru a sake shi, amma doka tana Akra, taru yana tsakiyar teku da dare.

Da sauƙi mutum ya zauna a Nima ya ce masunta ba su da imani. Ni ban yarda ba. Mutanen da har yau ba sa shiga teku ranar Talata don girmama ta, ba jahilan ruwa ba ne. Abin da ya canza shi ne taru ya daina cika. Amani, ɗan ƙaramin kifin nan wanda shi ne naman talaka a ƙasar nan, shi ke cikin shito, shi ke rakiyar dokunu, abin da ake kamawa ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 tsakanin 1996 da 2016. Dalilan sun haɗu ne: kwalekwale sun yi yawa, ana kamu da fitila da dare, ana amfani da taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'ya, ga kuma manyan jiragen da ke share ƙasan teku suna daskarar da ƙananan kifaye su sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar ruwa, cinikin da ake kira saiko. Wani rahoto na ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano ya ƙiyasta saiko ya kai tan 100,000 a 2017 kaɗai. A 2019 aka fara rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale, a 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Mutumin da ya ci bashin mai, ya kwana biyu a ruwa da yara goma, ya janyo taru ya tarar da dabba mai nauyin buhun masara ta riga ta mutu a ciki, ka ce ya jefar? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma a nan ya kamata a tambayi wanda ya kwashe amanin tukuna.

Sai dai tausayin masunci ba ya canza lissafi, kuma a nan ne kalmar kifi ke yin ɓarna. Amani ɗaya na zuba ƙwai dubbai, in aka ɗaga masa ƙafa shekara kaɗan yana iya dawowa. Uwar dolfin kuwa ciki take ɗauka na kimanin shekara guda, ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi shekara ɗaya da rabi ko fiye, sau da yawa sai bayan shekara uku ta sake haihuwa, kuma sai ta yi shekaru kafin ta fara. Duk makiyayi a zangon shanu na Ashaiman ya san wannan lissafi: garken da ake yanka shanun tatsa a cikinsa ba ya daɗewa. In uwa ta mutu a taru, ɗan da ke bin ta ma ya tafi. Da muna kallonsa a matsayin saniyar teku, da ba sai an yi mana dogon bayani ba.

An ga ƙarshen irin wannan hanya a wasu wurare. Farin dolfin kogin Yangtze na Sin, a 2006 masana suka yi makonni shida suna bin kogin ba su ga ko ɗaya ba. Mu ma muna da namu na Afirka ta Yamma, mai ɗan tozo a baya, wanda ba ya nisa da gaɓa, daga Yammacin Sahara zuwa Angola. Tun 2017 yana sahun dabbobin da ke dab da ƙarewa, an ƙiyasta ba su kai 3,000 ba. Ga kuma wata matsala ga mai ci: dabbar da ke saman jerin masu cin juna, mai tsawon rai, ita ke tara zaiba a jikinta. Zaibar da 'yan galamse, masu haƙar zinariya ta bayan fage, ke wanke zinariya da ita kuwa, kogunan Pra da Ankobra teku suke kai ta, Ankobra ma dab da Axim yake shiga.

An kuma ga inda aka juya akalar. In ka duba wasu gwangwanayen tuna a kanti za ka ga ɗan hoton dolfin a gefe, shi ne zanen dolfin da ya fi yawa a zamaninmu. Asalinsa gabashin Tekun Pasifik ne, inda tuna ke bin ƙarƙashin garken dolfin, masunta suka riƙa kewaye garken da taru. An ƙiyasta sama da miliyan 6 suka mutu tun daga ƙarshen shekarun 1950. Da masu saye suka tayar da ƙayar baya, aka kawo tambarin a 1990, aka canza yadda ake janye taru har dolfin su fice ta baya, aka sa masu sa ido a jirage, mutuwar ta ragu zuwa kimanin dubu ɗaya a shekara. Amma can manyan kamfanoni ne masu tsoron sunansu ya ɓaci. Bandar da aka yanka gunduwa-gunduwa a kan tire ba ta da tambari.

Misalin da ya fi kusa da zuciyata na Muritaniya ne. A gaɓar Banc d'Arguin akwai Imragen, masunta Musulmi, waɗanda aka san su da bugun ruwa da sanda in garken kifi ya matso. Dolfin su ji, su taho, su koro kifin zuwa gaɓa, mutane su cika taru, su ma su ci rabonsu. A Laguna ta Brazil har yau ana irin wannan, dolfin ne ma ke ba da alamar lokacin jefa taru. Babu tatsuniya a nan, ciniki ne na kowa ya samu, kuma yana tafiya ne muddin akwai kifin da za a koro.

Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Dolfin ya fi kowane kifi ganin mai koma, amma siririn zaren roba ba ya mayar da amsa-kuwwa mai ƙarfi, kuma ba kowane lokaci dabbar ke harba ƙararta ba, balle in hankalinta na kan abin da take bi. Watannin Yuli zuwa Satumba, da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, su ne kakar masunta a gaɓarmu, su ne kuma watannin da ludayin Hajiya ke bi ta tsakar ka. Da magariba ake sakin nifa-nifa, a bar shi ya kwana yana bin ruwa, a janye shi wajen asuba. Dolfin kuwa 'yan mintuna kawai yake iya yi bai shaƙi iska ba.